Yaron da Ya Maƙale a Sama

Kwanakin baya ina cikin motar haya daga Rano zan shiga Kibiya, sai wani abu ya haske mini ido daga cikin wani lambu a gefen hanya. Da na duba, ashe tsohon faifan sidi ne aka ɗaure da zare a jikin kara, iska tana juya shi yana walƙiya don ya kori tsuntsaye. Matar da ke kusa da ni ko kallonsa ba ta yi ba. Ni kuwa har muka wuce ina waiwaye, domin akwai lokacin da faifai irin wannan, guda ɗaya tak, ya kusa raba gidanmu biyu.

Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin. Soja bai daɗe da sauka daga mulki ba, ga kuma maganar Shari'a ta cika ko'ina, a masallaci, a kasuwa, a rediyo. Gidanmu babba ne, kuma mai gidan shi ne kakana na wajen uba, wanda kowa yake kira Malam. Mutum ne da ya yi karatu mai zurfi, magidanta masu gemu suna zuwa zaurensa da safe ɗaukar karatun littattafai. Matarsa, kakata, Iya muke ce mata. Mahaifina shi ne babban ɗansu, hatsi yake saye da sayarwa. Autansu kuwa Baffa, direba ne, kullum yana kan hanya tsakanin Kibiya da Kano, kuma bai yi aure ba tukuna.

Baba yana cikin waɗanda suka karɓi sabon yanayin da zuciya ɗaya. Ba mutum ne mai tsanani ba, amma idan ya yarda da abu ba ya yi masa riƙon wasa. Har yana cikin dattawan unguwa da suka je suka yi wa mai gidan kallo nasiha ya daina nuna finafinan rawa. To ana cikin haka ne Baffa ya dawo daga Kano wata ranar da talabijin, da na'urar faifai, da ɗan ƙaramin janareta. Daga ranar Baba ya daina bi ta ƙofar ɗakin Baffa.

Mu yara Baffa bai barinmu mu kalli nasa finafinan. Faifai ɗaya ya ware mana, na katun, wanda ya ce wani mai shago da ke kawo kaya daga Saudiyya ne ya ba shi kyauta, saboda ba shi da kwali. Ranar da ba ya fita aiki, idan rana ta yi sanyi, sai ya tayar da janareta mu cika ɗakinsa, har da yaran maƙwabta, ɗakin ya ɗauki warin fetur da zufa.

Bari in gaya maka abin da ke cikin faifan, yadda muka gan shi a lokacin. Wasu yara uku ne, mace ɗaya maza biyu, suna cikin wani jirgi mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa wa juna. Tare da su akwai wani mutum-mutumin ƙarfe mai ido ɗaya, da wani tsoho mai koriyar fuska da dogayen kunnuwa wanda ba ya rabuwa da ɗaga yatsa. Jirgin yana ratsa taurari har ya sauka a wata 'yar duniya mai jar ƙasa. Da yaran suka fito, kowa ya yi tsalle sai ya tashi sama a hankali kamar auduga, ya ƙetare tsauni, ya sauko ba ko ƙwarzane. Daga nan suka koma jirgi suka tashi. Can a tsakiyar duhu wani abu ya lalace a bayan jirgin, sai ƙaramin cikinsu ya sa hular gilashi, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya fita gyara. Igiyar ta goga da wani ƙarfe ta tsinke. Yaron ya fara nisa da jirgin, ya miƙo hannu, bakinsa a buɗe.

A nan faifan yake tsayawa. Fuskar yaron ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai, na'urar ta yi ta ƙit-ƙit, shi ke nan. Mun wanke faifan da sabulu, mun goge shi da man goge haƙori, mun hura masa iska, mun share da gefen zani. Kullum a wurin yake tsayawa, kuma kullum sai mun sake zuba ido ko yau zai wuce.

Maganarsu ba ma ji. Mun dai san tana kama da Larabci, domin mukan tsinci kalma ɗaya-ɗaya da muka saba ji a makarantar allo, amma da sauri suke yi, ga ƙarar janareta. Saboda haka mu muka ƙirƙira wa kanmu labarin. Mun yanke cewa yaƙi ne ya koro yaran daga garinsu, tsohon nan mai koriyar fuska kuma mugu ne, wataƙila ma shi ya yanke igiyar.

Ina da ƙane da ke bi na, ɗan shekara shida a lokacin, wanda tsallen nan na jar duniya ya shiga ransa. Wata ranar bazara da hantsi, zafi ya sa kowa ya nemi inuwa, ina wanke-wanke a bakin rijiya sai na hango shi a kan rumbun dawa. Ya kifa kwanon sha a kansa, ya buɗe hannuwa. Kafin in buɗe baki ya taho. Har yau ina iya tuna ƙarar kwanon yana gangarawa a tsakar gida, da ɗan shirun da ya biyo baya kafin ya fasa kuka.

Hannunsa na hagu ne ya karye. Baffa ne ya ɗauke shi a mota, da Baba, suka kai shi wurin wani mai ɗori a Tarai. An ce da mai ɗorin ya gama ja da ɗaurewa, ya tambaye shi me ya kai shi kan rumbu, sai ya ce cikin shessheƙa, "Tashi zan yi, irin na talabijin ɗin Baffa." A gaban mutane ya faɗa, wasu ma sun san Baba. 

Washegari da safe abin ya fashe. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya irin ta ranar ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Baffa ya ce, "Ina hana 'ya'yan mutane a waje, ashe nawa ne za su karye a gida. Ko ka fitar da abin nan yau, ko ni in fitar da shi."

Baffa ya fito, idonsa ja, don shi ma bai ji daɗin abin da ya sami yaron ba. Ya ce, "Yaya, ni ba yaro ba ne. In ya fita, tare za mu fita. Ɗaki ba ya wuya a Kano."

Iya tana bakin murhu. Na ga ta ajiye muciya ta zauna a ƙasa. Ta san halin autanta, in ya tafi a kan fushi ba zai dawo da zama ba. Yinin ranar gidan ya yi tsit, mata suna magana ƙasa-ƙasa, har Baffa ya fara haɗa kayansa a buhu.

Malam bai sa baki ba sai da ya sallami masu karatu. Sannan ya aika aka kira su biyun, ni kuma na laɓe a bayan ƙyauren zaure. Ya bar kowa ya faɗi nasa har ya gaji. Da suka yi shiru sai ya ce, "To, na ji naka, na ji nasa. Saura shi abin da ake magana a kansa, ban ji nasa ba. A kawo mini shi bayan la'asar."

Aka kai talabijin zauren ciki, aka ja waya, aka ajiye janareta a bayan katanga. Malam ya zauna a kan buzunsa, ya sa tabarau, ya ɗora sandarsa a kan cinya kamar mai sauraren ƙara. Baba ya ƙi zama, ya jingina da bakin ƙofa. Iya ta jawo kujerarta ta zauna daga baya. Mu yara muka takure a gefe, ƙanena a tsakiya da hannu a naɗe cikin karare, kowa yana ganin yau ne kallon ƙarshe.

Da aka kunna, kiɗan farko ya tashi, Baba ya kau da kai. Malam ya yi wa Baffa alama ya rage. Sai yaran cikin jirgin suka fara magana. Na ga Malam ya karkata kunne, ya ɗan matso gaba. Ya ce, "Ƙara murya." Ya saurara kaɗan, sannan ya cire tabarau ya dubi Baffa. "Kai, wannan ai Larabci ne. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Shi da Baba duk sun ɗauka Turanci ne, Baffa kuma bai taɓa ɗaukar hakan abin da za a gaya wa wani ba. Malam ya sa aka mayar da shi farko. Ya ce wannan Larabcin littafi ne tsantsa, ko da ya je Makka bai ji ana yin irinsa a kasuwa ba. Abin da ya fi ba shi mamaki mutum-mutumin ƙarfen ne. Ya yi ta saurarensa yana gyaɗa kai, ya ce har yanzu bai kama shi da kuskuren nahawu ko ɗaya ba.

Ba wanda ya roƙe shi, da kansa ya fara fassara mana. A ranar muka gane duk labarin da muka gina ba haka yake ba. Ba yaƙi ne ya koro yaran ba. Rijiyoyin garinsu ne suka ƙafe, aka aike su neman ruwa a wasu duniyoyin. Iya daga baya ta ce, "Allah sarki." Tsohon nan da muka tsana kuwa ashe malaminsu ne. Da aka zo wurin tsalle, inda yake ɗaga yatsa yana magana, Malam ya sa aka tsayar, aka maimaita masa. Sai ya juyo ya dubi ƙanena.

"Ka san abin da ya ce? Ya ce a wannan duniyar jiki ba shi da nauyi, ku yi tsalle yadda kuke so, amma in kun koma gida kada wanda ya gwada." Ya ƙara duban hannun da ke naɗe. "Ashe an yi maka gargaɗi, Larabci ne ba ka ji."

Ya yi dariya har da tari. Baffa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na saci kallon Baba, na ga yana shafa gemu don ya ɓoye bakinsa.

Aka ci gaba har yaron ya fita gyara, igiya ta tsinke, fuskarsa ta farfashe. Na'urar ta fara ƙit-ƙit ɗinta. Malam ya jira. Da ya ga ba motsi ya ce, "To, ci gaba mana."

Baffa ya ce, "Malam, iyakarsa ke nan. Kullum a nan yake tsayawa."

"A nan? Da yaro a waje?"

Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya gyara zama ya ce shi tun da yake bai taɓa yanke hukunci a kan maganar da ya ji rabinta ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Talabijin ba zai fita ba, amma ba zai koma ɗakin Baffa ba. A zauren ciki zai zauna, yara ba za su kalla ba sai yana wurin, ranar Alhamis bayan la'asar. Baffa kuma ya nemo ragowar a Kano. Idan an gani har ƙarshe, sai a san abin yi. Ƙanena kuwa, da zarar hannu ya warke, zai riƙa zama kusa da shi da safe yana koyon Larabci.

Baba ya ga an sa ido a kan yara, Baffa ya ga ba a jefar masa da kaya a waje ba. Ba wanda ya ce ya yi nasara, amma da yamma na ga Iya ta shiga ɗakin Baffa tana zazzage buhun da ya haɗa tana mayar da kayan wurinsu.

Daga nan Alhamis ta zama ranar da muke jira. Faifan dai ɗaya ne, mun haddace shi, amma da Malam a wurin kullum sabo yake zama, saboda shi ba ya kallo ba tambaya. Ya tambayi Baffa ko da gaske mutane suna zuwa irin wuraren nan. Baffa ya ce an ce Turawa sun taka wata. Malam ya ce ya taɓa jin haka a rediyo da daɗewa, bai gaskata ba bai ƙaryata ba, ya dai ajiye maganar. Wata ranar kuma, ana nuna jirgin a tsakiyar duhu, ba gabas ba yamma, sai ya juya wajen Baba, wanda zuwa lokacin ya fara zama a bakin ƙofa maimakon tsayuwa. Ya ce, "Kai da kake bin malaman zamani, Musulmin da ya sami kansa a can, ina zai fuskanta in zai yi salla?"

Tambayar nan ta fita daga gidanmu ta shiga gari. Masu karatun safe suka ɗauke ta. Wani ya ce ya fuskanci duniya gaba ɗaya tunda Ka'aba tana cikinta. Wani ya ce to lokutan fa, a inda rana ba ta fitowa ba ta faɗuwa? Har wani malami abokin Malam ya taso daga Unguwar Gai a kan keke don a nuna masa wurin da idonsa. Malam ya sauko da littattafai yana duba babin matafiyi a jirgin ruwa. Baba da kansa ya kai tambayar Kano wajen wani malaminsa, ya dawo da amsa, suka kwashe yamma guda suna tattaunawa shi da mahaifinsa, Baffa yana zuba musu shayi.

Ni ma na yi tawa. Na daɗe ina juya ta a raina ina tsoron ko saɓo ce. Wata Alhamis bayan an kashe janareta, kowa ya watse, na tsaya naɗe tabarma na ce, "Malam, in sun yi ta hawa sama, za su ga mala'iku?"

Bai yi dariya ba, bai kuma kore ni ba. Ya ce, "Ban sani ba, 'yar nan. Ina jin duk yawon da suke yi ko saman farko ba su ƙure ba. Amma ban sani ba." Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba sai ranar, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya faɗe ta fuskarsa a sake, kamar wanda aka ba shi kyauta.

Baffa ya yi nema. Ya zaga shagunan faifai na Kano, yana kwatanta jirgi mai kama da ƙwarya da tsoho mai koriyar fuska. Ya kawo wasu katun ɗin da yawa, na dabbobi, na 'yan ƙwallo, har da wani na sama jannati amma da wani yare da ba wanda ya gane. Malam yakan kalla, ya fassara wanda yake na Larabci, ya hana wanda bai gamsu da shi ba. Amma namu ba a same shi ba. Mai shagon da ya ba da faifan ma ya tashi. Har abin ya zama kamar gaisuwa a tsakaninsu: Baffa ya dawo daga hanya ya durƙusa, Malam ya ce, "An samu?" ya ce, "Tukuna, Malam."

Wata damina, ina aji biyu a sakandare, Malam ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Hukuncin da ya jingine bai taɓa yanke shi ba, kuma bayan rasuwarsa ba wanda ya sake tayar da maganar. Talabijin ya ci gaba da zama a zauren ciki har ya mutu don kansa.

Yanzu ina aure a Kano, ina koyarwa a firamare. 'Ya'yana kowa da abin da yake kallo a waya, in wannan ya ƙare wani ya biyo baya tun kafin su nema. Ba su san jiran ƙarshen labari ba, ba su kuma bukatar wani tsoho ya zauna ya gaya musu abin da aka ce. Ba na cewa namu ya fi nasu, don na san irin ƙishin da muka sha. Sai dai nakan lura ba kasafai suke zuwa mini da tambaya ba, kuma ban san ranar da na zauna na kalli abu ɗaya da su tun daga farko ba.

Da ƙaramar sallar da ta wuce muka haɗu a gida. Ƙanena, wanda karatun Larabcin nan ya bi shi har ya zama abin da yake koyarwa, ya zo ya zauna kusa da ni bayan azahar yana murmushi. Ya ce ya rubuta kwatancen katun ɗin nan namu da Larabci a waya, bai fi shan ruwa ba ya fito. Na ce kada ya kunna tukuna. Muka kira Baffa, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, muka sami Baba a zauren ciki.

Mu huɗu muka sunkuya a kan 'yar wayar. Da aka zo wurin da igiya ta tsinke, na ji na riƙe numfashi, jikina yana jiran ƙit-ƙit ɗin nan. Sai hoton ya wuce. Mutum-mutumin ƙarfen ya leƙo ta ƙofar jirgi, hannunsa ya yi ta tsawo, ya yi ta tsawo, ya cafko yaron ta ƙafa ya jawo shi ciki. Ko minti ɗaya babu tsakanin nan da inda faifanmu yake tsayawa. Daga baya suka sami ruwan, suka koma gida.

Baffa ya share ido da hularsa. Baba kuwa ya dafa gwiwa ya tashi a hankali, ya nufi ɗakin Iya, muka bi shi. Iya ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, yawancinmu ma ba ta gane mu sai an yi ta kwatance. Baba ya durƙusa a gefen gadonta ya ɗaga murya kaɗan don ta ji.

"Iya, yaron nan an same shi. Ya koma gida lafiya."

Ta juyo da fuska wajen muryarsa. "Ɗan wa?"

Baba ya ce, "Ɗan mutane ne, Iya."

Ta ɗaga hannuwanta biyu, ta ce, "To madalla. Allah ya raya shi."

Muka ce amin.